Gwaggo Luba da Kiɗan Rasha

Ku da kuka zauna layinmu a Gidan Dahala kun san Gwaggo Luba ba ta da agogon da ya wuce La'asar. Tana sallame salla za ta jawo sifikarta tsakar gida, irin mai taya ɗin nan da masu tallar magani ke ja a kasuwa, wadda ta laƙaba wa suna Kwamared. Ta shimfiɗa tabarma, ta haɗa ruwan bunu da lemun tsami, ba madara ba sukari, sannan ta latsa waya.

Da fari wani gurnani ne zai taso, ka ce raƙumi ne ya faɗa rijiya. Can sai tsofaffin mata su kwashe da waƙa cikin wani harshe, muryoyinsu siriri kamar masu guɗa. Sai jita mai lantarki ta shiga kuka, ganga kuma tana bugun abu ɗaya, ba ta gaba ba ta baya, har ka ji kanka ya soma juyawa. Ita kuwa ta lumshe ido tana rangaji, awakinta na kwance kewaye da ita suna tuƙa. In ka yi sallama za ta amsa, amma ba za ta buɗe ido ba. Yatsa kawai za ta ɗaga ta ce, "Zamna, bai ma hwara ba." Alhali tun kana bakin titi kake jin sa.

Ga waɗanda suka tashi suka same ta a haka, yayar mahaifina ce. Tana cikin ɗaliban da aka tura Rasha karatu tun ƙasar na amsa sunan Tarayyar Sobiyet, ta dawo likitar dabbobi, ta yi aiki har ta yi ritaya. Takan ce Rashawa ba su sha wahalar sunanta ba, don su ma suna da Luba. Mijinta ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, shi ne dangi suka ce ni Bello in tare gidanta da matata Saratu don kada ta zauna ita kaɗai. Ni kuma malami ne a Islamiyyar da katanga ɗaya ta raba ta da gidan. Ku haɗa waɗannan biyun, za ku gane dalilin da ya sa na yi furfura da wuri, da kuma dalilin da ya sa take kira na Malam Hwargaba.

Lokacin da muka tare abin da sauƙi. Tsofaffin kasakasai ne take sawa, waƙoƙin ƙauyen Rasha masu sanyi, ba mai ji sai wanda ya shigo. Wata 'yar unguwa ce da ta dawo daga karatun likita a can ta jawo mana. Ta kawo magenta Gwaggo ta duba, hira ta yi daɗi cikin Rashanci, kafin ta tafi ta cika mata waya da na zamani. Wai samarin can ne ke bin ƙauyuka suna ɗauko waƙoƙin kakanninsu, da na makiyayan duwatsu masu waƙa da maƙogwaro, su zuba musu jita da ganguna, waƙa ɗaya ta yi ta tafiya kamar ba za ta ƙare ba. Gwaggo ta saurara ta ce, "Jikokin matan da munka yi tatsa tare na. Sun haukace, amma ba su manta ba." A makon ta sayo Kwamared.

Ba a jima ba maƙwabciyarmu Hajiya Ige ta tare ni a ƙofar gida, ta ja ni gefe tana waige-waige.

"Malam Bello, gwaggonka ba ita ɗai ta ba cikin gidan ga."

Na ce, "Ai muna nan, Hajiya."

"Ba ku nika nuhi ba. Kullum La'asar sai ya taso. Muryar namiji ta, kuma ba ta bil'adama ba. Wanda yat tai ƙasar ƙanƙara ai ba ya dawowa hannu banza."

Na buɗe baki zan ce mata kiɗa ne, sai na tsaya ina lissafi. Aljani dai ba laifin kowa ba ne, jarrabawa ce, har jaje ake yi wa mutum. Kiɗa kuwa a gidan malamin Islamiyya laifin malamin ne. Ina cikin wannan auna-auna Hajiya Ige ta ɗauki shiruna a matsayin amsa. Washegari da hantsi sai ga ta da Malam Buba mai ruƙiyya, dattijo dogo, Bafillatani, da gorar zamzam a hannu.

Na ɗauka korar su za ta yi, don na san bakin Gwaggo. Amma sai ta yi musu maraba, ta ja mayafi ta rufe kai, ta zauna ta nutsu. Malam Buba ya yi karatu mai tsawo, yana yi yana duban ta ko za ta zabura. Ba ta ko motsa ba. Da ya shafa ta ce, "Allah shi saka, Malam. Na daɗe ban ji karatu mai daɗi awa wanga ba. To ga aljanin." Ta latsa waya.

Gurnanin na tasowa Hajiya Ige ta kai zaure, takalminta ɗaya a tsakar gida. Malam Buba ya miƙe tsaye, leɓunansa na motsi. Sai kuma na ga ya karkata kai yana kasa kunne. A ƙarƙashin gurnanin akwai wani ƙarfe da ke ta yin ƙara, doyon-doyon.

"Hajiya, wanga ba bambaro ba na?"

"Shi na."

"Ikon Allah. Ina yaro wurin kiwo da shi nika wuni a baki." Ya koma ya zauna. "Mi suka cewa?"

"Saniyar wata yarinya ta ta ɓace cikin kurmi, tana kiran ta."

"An gane ta?"

"Ba a kai nan ba tukuna."

Sai ya gyara zama. Gwaggo ta miƙa masa shayi. Ni ina tsaye ina jin yara na karatu a bayan katanga, ina addu'ar kada shugabanmu ya biyo ta layin. Can Hajiya Ige ta ɗaga murya daga zaure, "Malam, ya hita?"

Malam Buba ya ce, "Ki dakata, Hajiya. Saniyar muka jira."

Bayan sun tafi na tambaye ta ko an ga saniyar. Ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "Wace saniya? Wagga waƙa ba Rashanci ba ta, harshen mutanen duwatsu na, ko kalma guda ban ji. Amma Bahillace na gabana. In ba saniya ba, mi za shi zamnar da shi?"

Wannan ya wuce da dariya. Na saukar karatu ne bai wuce da dariya ba.

Ranar da ɗalibanmu za su yi sauka, da safe lasifikar makaranta ta ƙone. An kafa rumfuna, an jera kujeru, iyaye sun soma zuwa, ni ne kuma aka ɗora wa shirin taron. Na ruga gida na durƙusa gaban Gwaggo na roƙi aron Kwamared, tunda yana da makirfo.

Ta ce, "Ɗauki. Amma ka sani da ni yas saba."

Ban tsaya tambayar me take nufi ba. Na ja shi na kai, aka gwada, murya tangaran. Yara suka yi karatu lafiya, na soma samun numfashi. Gwaggo ma ta zo, ta ci ado, ta zauna cikin mata a rumfar baya. Sai shugaban kwamitin makaranta, Alhaji Ummaru, ya karɓi makirfo. Kun san shi da jawabi. Ya faro daga tarihin kafa makarantar, ya bi ta kan tarbiyyar yaran zamani, ya shiga illar waya a hannun matasa. Rana ta take, mata na ta fifita. Gwaggo ta gaji, ta ciro wayarta, ta ce bari ta ɗan kara a kunne ta ji abinta a hankali, ba mai sani. Abin da ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, tun shigowarta wayar ta gane Kwamared sun haɗe.

Alhaji Ummaru na cewa, "Don haka ina kira ga iyaye," sai gurnani ya amsa masa, da ƙarfin da ban taɓa sanin sifikar nan na da shi ba.

Ƙananan yara suka watse. Wata mata ta goya ɗan wata ta yi waje. Alhaji ya saki makirfo ya ja da baya yana ta'awwuzi. Na yi tsalle na isa wurin Kwamared ina latse-latse. Na farko da na latsa ya ƙara murya. Na biyu ya kunna wasu fitilu ja da kore da ke juyawa, waɗanda ban taɓa sanin suna jikinsa ba. Tsofaffin matan Rasha suka shigo da guɗarsu, jita ta biyo baya. Na ɗaga kai ina neman agaji, sai na hango Gwaggo a rumfar mata, waya a kunne, tana bubbuga ta da tafin hannu tana ce wa ta kusa da ita, "Wayar ga ta mutu, ba ta magana."

Saratu ce ta gane, ta ratsa mata ta karɓe wayar ta kashe. Kowa ni yake kallo, don kowa ya ga ni na jawo sifikar.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Saratu na da tsohon ciki a lokacin, aikin nan kuma shi ne abin da muke da shi. Wasu iyaye sun ce za su cire 'ya'yansu. Aka kira ni gaban kwamiti. Ina zaune a ƙasa, kaina sunkuye, Alhaji Ummaru na karanto laifina, sai muka ji sallama. Gwaggo ce, ba wanda ya gayyace ta. Ta nemi kujera ta zauna.

Ta ce, "Kwamared nawa na, waya tawa ta, yatsan da yal latsa nawa na. Wanga yaro ko inuwarshi tsoro shikai, bale shi sa kiɗa gaban mutane."

Alhaji ya ce, "Hajiya, da girmanki, ɗiyar malamai, ki zamna kina jin irin wanga abu?"

"Taronku na ɓata, kuma na ba ku haƙuri, na ba yaran da sunka hirgita haƙuri. Kiɗan kuwa tsakanina da Ubangijina na. In ta kama in ba da haƙuri, Shi za ni ba, ba kwamiti ba."

Na runtse ido, na ce shi ke nan, aiki ya tafi. Aka fitar da mu aka yi shawara. Da aka dawo da mu aka ce an dakatar da ni zuwa ƙarshen zangon, sannan in ina son komawa, kada a sake jin sautin Kwamared ta kan katanga muddin yara na aji. Na dubi Gwaggo, don ajin yamma daidai La'asar yake shiga.

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Na yarda. Ba don ku ba, don Saratu."

Kuma ta cika alkawari. Ta tura Kwamared ɗaki ta lulluɓe shi da zane, ta sayo abin sawa a kunne. Ranar da na koma aiki na shiga ajin yamma da zuciya sakayau. Mun soma karatu ke nan sai muka ji wani abu daga bayan katanga, kamar ana yanka rago da wuƙa marar kaifi. Gwaggo ce. Tunda kunnuwanta a toshe suke ba ta jin kanta, sai ta riƙa bin waƙar da iya ƙarfinta, har da gwada ta maƙogwaron. Ba jita, ba ganga, ita kaɗai. Awakin da ke kwanciya gefenta suka koma bayan ɗaki. Yara suka kifa kai a kan allo suna shaƙewa da dariya.

Da yamma na ce, "Gwaggo, ana jin ki hwa."

Ta ce, "Kwamared anka hana. Ni an hana ni?"

Haka muka yi mako guda. Ranar Asabar Alhaji Ummaru da kansa ya zo duba ajin yamma. Ya tsaya bakin taga, ya saurara, fuskarsa na canzawa. Ya yafito ni waje ya ce, "Malam Bello, ka gaya ma gwaggonka ta maido sifikar, ta dai rage murya. Gara na Rashan, su dai sun iya."

Duk wannan ana dariya, ni kuwa akwai abin da ke ci na wanda ban iya faɗa wa kowa. Aiki in ya tafi wani na zuwa. Abin da nake tsoro shi ne ajali ya riske ta da wannan abu a kunne. Matar nan ita ta biya mini karatu bayan rasuwar mahaifina, ita ta wanke ɗana na fari da hannunta. Salla ba ta wuce ta, azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta, amma ni abin da nake karantarwa kullum shi ne aiki da cikawarsa yake. In na ga ta lumshe ido tana rangaji, sai wannan tunanin ya dawo mini.

Wata rana na yi ƙarfin hali na gaya mata. Ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Malam Hwargaba, tunda kai anka ba ranar, in ta matso ka gaya man in kashe."

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, tsoron nan ya ninka. Mun yi ta zirga-zirgar asibiti har likita ya ce mu koma gida mu yi ta addu'a. Ta rame, ba ta iya fitowa tsakar gida, amma abin kunnen na nan maƙale. Duk shigar da zan yi ɗakin, kunnenta nake fara kallo kafin fuskarta. Saratu ta ce in ɓoye wayar. Na ɗauka sau ɗaya, na kai bakin ƙofa, na ji ba zan iya ba, na mayar.

Wata safiya bayan na kai mata kunu ta ce in zauna. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da na matso.

Ta ce shekararta ta biyu a Rasha aka tura su wani ƙauye koyon aiki a gonar shanu, tsakiyar sanyi, ƙanƙara har gwiwa. A can labarin rasuwar mahaifiyarta ya same ta, bayan an yi wata da watanni da binnewa. Ba Musulmi ko ɗaya a ƙauyen, ba wanda za ta ce wa inna lillahi ya amsa mata. Ta shiga garken shanu ta zauna a kan ciyawa tana kuka. Wata tsohuwa mai tatsa ta same ta. Ba ta tambaye ta komai ba, ta zauna ta jawo kanta ta ɗora a cinya, ta soma waƙa. Sauran matan suka ajiye bokitansu suka kewaye su suna amsawa. Haka suka yi ta yi, abu ɗaya suna maimaitawa, har kukan ya ƙare don kansa.

Ta ce, "Ta'aziyyar Inna ke nan da ni samu, Bello. Ban samu wata ba. Duk haukan jitar ga haƙuri nikai da shi, muryar matan nika jira."

Tun da nake ban taɓa jin ta kira ni Bello a irin wannan murya ba. Shekara da shekaru ina kallon ta a tabarmar nan, ban taɓa tambayar ta me take ji ba.

Sai ta sa hannu da kanta ta zare abin kunnen, ta naɗe igiyarsa a jikin wayar, ta miƙo mini.

"Ajiye. Ɗauko Alƙur'ani ka karanta man Yasin. Kuma ka bi a hankali, kada ka yi man saurin nan naka awa ana korar ka."

Na karanta a hankali, tana bi da leɓe. Ba ta sake neman wayar ba. Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Saratu na riƙe da hannunta ni ina gefen kanta, na soma laƙƙana mata kalmar shahada, sai na ji ta riga ni ƙarasawa.

Allah Ya jiƙan Lubabatu, Ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da mahaifiyarta inda ba a rabuwa. Tsohuwar nan kuma da ta ɗora kan marainiya a cinyarta cikin garken shanu, ban san sunanta ba, Gwaggo ma ta ce ta manta. Na bar lamarinta a hannun Wanda bai manta ba. Amin.